Cikin Jar Saniyar Madu

Madu a bayan shanu ya tashi, kuma tun yana yaro ubansa ya koya masa duba kashinsu kowace safiya. Wai abin da ciki ya kasa narkarwa dole ya fitar da shi, a nan ake gane lafiyar dabba. Da wannan ilimi ya yi kiwo har furfura ta fito masa.

Shekarar da 'yan bindiga suka kore garkensu, da saniya ɗaya ya shigo birni, unguwar Gwange, wata ja, jikar shanun ubansa. Daji ba ya shiguwa, shi kuma ya koma dillanci a kasuwar shanu, yana tallan dukiyar wasu. Kullum da yamma zai sayo mata dusa a baƙar leda, ya ɗaure bakin da zare, a gida ya farke gindin ya zazzage mata, ya yar da ledar nan gefe.

Sai cikin saniyar ya fara girma. Madu ya tuna ya taɓa kai ta wajen bijimin wani abokinsa, nan take ya yanke hukunci cewa ta ɗauki ciki. Baki har kunne ya gaya wa matarsa Falmata garke zai dawo, har turken maraƙi ya kafa. Da ta ce kashin saniyar ya ragu, ta daina tuƙa, ga haƙarƙari a waje, sai ya tambaye ta tsakanin shi da ita wa ya yi kiwo. Alhali sarai ya ga abin da ta gani, bai so ya yarda ba ne.

Ranar da saniyar ta kasa tashi, aka kira Gana mahauci ya sa mata wuƙa. Madu ya tsaya a kansa yana roƙon ya hanzarta, ko a samu maraƙin da sauran rai. Mahaifa wayam. Gana ya farke tumbi, ya jawo wani baƙin dunƙule mai wari, sai da mutum biyu suka kama. Leda ce zalla, ta cure kamar tsumma.

Hankalin Madu ya tashi, ya durƙusa yana salati. Ya fara tsine wa masu zubar da shara a unguwa, sai Falmata ta ce a hankali, "Baban Walid, duba ƙullin bakin ledojin."

Ƙullin dabaibayi ne, irin na makiyaya. Duk Gwange shi kaɗai ke ɗaure leda haka.