Mai Tura Karatu a Tashar Ajingi

Ranar kasuwa ce. A bakin tasha wani mutum mai zanen Barebari yana zaune a benci, da tsohuwar kwamfuta a cinyarsa, an ɗaure murfinta da salatif. Aikinsa tura wa manoma karatu da wa'azi a memori. Da yatsa biyu yake dannawa, kamar mai tsintar gyaɗa.

Wani dattijo da ke jiran nasa ya leƙa. "Malam, ta sauya fuska ne?"

"Na cire tsohon tsarin, Baba, na sa mata wani sabo, Linux. Wancan sai ranar kasuwa yake cewa in jira, wai yana gyara kansa. Rannan ina kallo batir ya mutu, mutanen ƙauyen Balan suka koma gida ba komai a memorinsu."

Ina jin shi kaɗai ya koya, da lalube, don har yanzu yakan tsaya neman maɓalli, goshi a tattare. Amma ba ya tsaki.

Motar dattijon ta cika, kwandasta yana bubbuga ƙofa. Mutumin ya zare memorin ya miƙa masa.

"Ga shi, Baba. Yanzu kwamfutar ce ke jirana."