Sa Hannun da Ba Nawa Ba

Shekaru sun ɗan ja, kuma yawancin kwanakin da zan ba da labarinsu a kwance na yi su, ina shan maganin rage zafi. Mai yiwuwa na gauraya wasu abubuwa, ko na sa na gaba a baya. Inda nake shakka zan faɗa.

Lokacin ina shekarata ta biyu a wani ƙaramin ofishin harkar noma a Lafiya. Aikina zagaya ƙauyuka ne, in duba gonakin doya da rogo da riɗi, in rubuta rahoto. Ina jin ni kaɗai ne a ofishin na taɓa karanta littafin dokokin aiki daga farko har ƙarshe, shi ya sa ake ce mini Digiri. Wadda ta laƙaba mini sunan ita ce matar da ke riƙe da rajistar sa hannu a bakin ƙofa, dattijuwa 'yar ƙabilar Eggon, saura mata ƙasa da shekara biyu ta yi ritaya. Kowa Mama yake ce mata.

Ranar kasuwar Assakio ce, ina dawowa a kan okada, muka kauce wa wata mota mai lodin doya muka faɗa rami. Ƙashin ƙwaurina na hagu ya karye. Kafin in dawo hayyacina sosai an kira kawuna, shi kuma bai tsaya shawara ba, ya sa aka kai ni wajen mai ɗori a wani ƙauye da ke kusa. Haka ake yi a gidanmu. Mai ɗorin ya ja, ya shafa magani, ya ɗaure da karare, ya ce mako biyu zan taka.

Mai ɗori ba ya ba da takarda. Littafin kuwa, a iya fahimtata, ya ce ma'aikacin da ciwo ya kwantar yana da haƙƙin cikakken albashi na wasu watanni, daga nan rabi, amma sai da takardar likita tun daga farkon rashin zuwansa.

A kwana na uku Mama ta kira ni.

"Digiri, yaya ƙafa?"

"Da sauƙi, Mama. Ina tunanin yadda zan rubuta wa Oga ne."

"Ka rubuta me? Kana da takarda? Ka kwanta abinka, ina sa maka hannu tun Litinin. Kai da kullum kana daji, wa zai sani?"

Laifina a nan yake. Na san ya kamata in ce ta daina. Amma sai na ce, "Allah ya saka da alheri." Na lallashi kaina da cewa mako biyu ne kawai.

Mako biyu ya zama bakwai. An mayar da ni ɗakina a unguwar Bukan Sidi, ƙafar na kumbura, ko taɓa ƙasa ba na iya yi da ita. Da kawu ya gaji da musu, aka kai ni asibiti aka ɗauki hoton ƙashin. Likitan ya ce ya haɗu a karkace, sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma kada in ɗora mata nauyi na tsawon watanni uku ko huɗu. Ya rubuta mini takardar da nake bukata, da hatimi da komai. A layi na biyu ya sa ranar da na yi hatsarin.

Na daɗe ina kallon layin. Na tambaye shi, cikin kewaye-kewaye, ko zai yiwu takardar ta fara daga yau kawai. Ya ce, "Malam, tsohuwar karaya ce, duk wanda ya ga hoton zai gane. Abin da na gani na rubuta." Na karɓi takardata, don ya fi ni gaskiya.

Ranar Lahadi Mama ta biyo daga coci da lemu a leda. Ta nuna mini hoton rajistar a wayarta, tana dariya. Ga sunana a kowane shafi, da sa hannu mai kama da nawa sosai, ƙarfe takwas saura goma, takwas saura kwata.

"Ka gani? Har hali na gyara maka. Ba ka makara ko sau ɗaya."

Na yi dariya ni ma, sannan na miƙa mata takardar likitan. Ta karanta a hankali, yatsanta na bin layi. Da ta kai kan kwanan watan ta tsaya. Ba sai na yi bayani ba. In na miƙa takardar, za a haɗa ta da rajista, a ga makonni bakwai ina kwance kuma ina zuwa aiki. Za a tambayi wa ke riƙe da rajistar. Ban san tabbas hukuncin da za a yi mata ba, amma littafin ya ambaci kora, wanda aka kora kuma, ina jin, ba ya tafiya da haƙƙin ritayarsa.

"Ka kai takardan, ɗana," ta ce, tana ninke ta. "Ƙafa naka ne." Ba ta dube ni ba.

Na sa aka kai ni gidan Oga, shugaban ofishinmu, a keke-napep, takardar na aljihun rigata. Ya dubi sandunan da nake dogarawa, ya ce in zauna. Da na kai hannu aljihu ya ɗaga nasa.

"Dakata, Digiri. In ka ba ni takarda, dole in karanta. In na karanta, dole in rubuta wa hedikwata. Ka yi hutun shekara na bana?"

Na ce ban yi ba. Ya ce to ya ga ya kamata in huta. Har yau ban san iya abin da ya sani ba, ban kuma san ko Mama yake karewa ko kansa.

Da hutun shekarata aka yi mini aikin. Da ya ƙare na koma ofis, ɗinkin ma bai gama warkewa ba. Kullum mai keke ya sauke ni a bakin ƙofa, in sa hannu da kaina a gaban Mama, in hau matakala tara zuwa teburina, in ɗora ƙafar a kan kwalin irin masara. Da azahar takan kumbura har takalmin ya ƙi shiga. Sau biyu na zame a matakalar. Ba wanda ya tambaye ni yaushe na ji ciwo. Mama takan kawo mini ruwa ta ajiye, ta daina kirana Digiri.

Watannin hutun jinya suna nan a littafi, nawa ne, na san shafin. Ban ci ko kwana ɗaya daga ciki ba. Ƙafar ta warke da ɗingishi. Likitan ya ce saurin takawa na iya zama sanadi, ya kuma ce ɗorin farko ma na iya zama, don haka ba zan ɗora wa abu ɗaya ba. An daina tura ni ƙauyuka, yanzu rahoton wasu nake tacewa. Takardar tana cikin fayil ɗin da nake ajiye shaidar digirina.

Waɗanda muka yi aiki tare a lokacin, in kun ga na yi kuskure, a yawan makonnin ko a abin da wani ya faɗa, don Allah ku gyara mini. Roƙona kawai, ku same ni ni kaɗai, kada ku bi ta ofis. Mama ta yi ritaya, amma har yanzu takardun fanshonta ba su gama fitowa ba.