Kaka da Buhu a Baro Ɗaya

Shekarar da citta ta ruɓe a ƙasa, har ɓerayen gidanmu sai da suka tattara nasu-ya-nasu suka koma gidan fasto. Mu biyu suka bari, ni da Kaka, wadda ƙafafunta suka yi ritaya tun kafin in yi wayo.

Ran wata Lahadi aka yi sanarwa a coci cewa an kawo masara don tsofaffi da naƙasassu, za a raba a firamaren tsallaken rafi, ta hanyar Manchok. Amma mai rabo sai ya je da kansa an gan shi ido da ido, domin a baya wasu samari sun karɓi na kakanninsu da suka daɗe a kabari.

Da na kai wa Kaka labari ta ce, "Wato gurgu sai ya taka ya je ya nuna ba ya iya takawa."

Na ari baro wurin maƙwabcinmu mai buga bulo, na shimfiɗa bargo, na ɗora ta.

"Maigida, motar da ka yi mini alkawari ke nan?" in ji ta.

"Ke dai riƙe ɗankwalinki, amarya. Babu birki."

Da muka isa rafi ruwa iya idon sawu ne, rana kuma tas. Amma Kaka ta waiga ta dubi duwatsun Kagoro, ni ma na duba. Sun sa baƙar hula. Kowa a garinmu ya san halin rafin nan: ba ya jiran a yi ruwa a kanka. In an yi a bisa dutse, zuwa yake yi kawai, kana shanya a tsakar gida shi yana cin mutum.

"Tura," ta ce, ba wasa a muryarta.

A makaranta layi ya kai Zonkwa ya dawo. Akwai wani dattijo mai rarrafe, silifa a hannuwansa, da wata makauniya da ta zo ita da sandarta kaɗai. Masu raba kayan ba mugaye ba ne, sun ma ba mu ruwan leda. Sai dai kowane tsoho sai ya rungumi buhunsa an ɗauke shi hoto, in ya runtse ido a sake. Can nesa aradu tana gyaran murya. Na yi ta zuba surutu don Kaka ta yi dariya, ita kuwa idonta yana kan dutse.

Sai bayan azahar muka samu namu. Na ɗora buhun, na ɗora Kaka a kansa kamar sarauniya, tayar baro tana kuka tana tsine mini.

Tun kafin mu ga rafin muka ji shi. Ruwan ya yi ja, ya kai gwiwa, yana tafe da karan masara da reshen mangwaro. Daga sama kuma wani gurnani yake tahowa kamar tirela a gangara. Baro ba zai shiga ba. Sai dai in ɗauke su ɗaya-ɗaya, kuma ban tabbata ruwan zai bar ni in yi sawu biyu ba.

"Kai buhun tukuna," in ji Kaka.

"Ina! Buhu ne ya yi mini goyo?"

"Ni in na jiƙe bushewa zan yi. Shi tsiro zai yi. Me za mu ci?"

Na sunkuya na goya ta. A nan na gane ba ta da nauyi ko kaɗan. Tulun da nake ɗauka kullum ya fi ta. Na haye, na ajiye ta a tudu gindin ɗorawa, na juya da gudu.

A sawu na biyu ruwan ya kai mini ƙugu. Buhu a ka, yashi yana zamewa ƙarƙashin ƙafata, wani abu ya daki cinyata ya wuce. Kaka tana ƙwala mini kira da yarenmu, da sunana na gaskiya, ba maigida ba. Ban san yadda na fito ba. Na dai ga kaina kwance a kan buhun ina haki, baron mai bulo kuma yana juyi a tsakiyar ruwa, ya kama hanyar Binuwai.

Muka dubi tsallake. Dattijon nan mai rarrafe ya iso bakin ruwa, wani yaro ya sauke masa buhunsa ya koma. Makauniyar tana bayansa, tana lalubo gaɓa da sanda. Kaka ta yi ta yi musu ihu su koma, ruwa ya cinye muryarta. Sai da wani mai acaɓa ya hango su ya ja su baya. A aji suka kwana.

Matan zumunta na cocinmu ba su bar maganar ba. A rabo na gaba dikon cocin ya bi gida-gida da mu matasa, ya ga kowane tsoho ido da ido a ɗakinsa, muka sauke masa buhunsa a ƙofa. Kaka ta ce ashe ido ma yana da ƙafa.

Jiya aka sake sanarwa. Wasu ne dabam suka kawo kayan bana, kuma sun ce a firamare za a raba, mai rabo ya je da kansa. Matan zumunta sun tafi yi musu magana, har yanzu ba su dawo ba. Mai bulo ya ce ko cokali ba zai ƙara ara mini ba. Da safe na fita na dubi dutsen. Ya sa hularsa.