Gurmin da Na Taka a Naif

Ni ne na fasa gurmin. Ina rubuta wannan ne saboda an fara cewa ƙungiya ce ta yi. Ƙungiya ba ta da ƙafa. Tawa ce ta taka shi.

Mu takwas ne a ɗaki ɗaya a unguwar Naif da ke Dubai, gadaje sama da ƙasa, yawancinmu masu ɗaurin kago, wato kayan da 'yan kasuwa ke aikawa gida. A shekarata ta biyu na shiga wani zaman karatu na ranar Juma'a, wanda a hankali ya koma aikin gyara mutane. Mukan bi ɗakunan 'yan'uwa muna duba wayoyi, muna cire hotuna daga bango, muna kwashe shisha da karta. Karatuna bai taka kara ya karya ba, amma na fi kowa ɗaga murya. Gaskiya daɗin abin nake ji, mutum ya hango ni ya tura wayarsa ƙarƙashin matashi.

Mai gadon da ke ƙasan nawa mutumin Damagaram ne, ya yi boko da Faransanci, yana aiki a wani sito a Dubai Investments Park. Ni Bakano, shi Badamagare, kullum cikin wasa muke. Ya ɗauke mini takalmi, na cinye masa abinci, ba mai fushi. Yana da gurmin da ya gada wurin mahaifinsa, yakan kaɗa shi ƙasa-ƙasa ranar hutu.

Wata rana ya ce mini, "Ustazun Kano, a makaranta an koya mana labarin wani birni a Italiya, shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Wani mai wa'azi ya sa mabiyansa suna bi gida-gida suna karɓar madubi da turare da kayan kiɗa, suka tara a dandali suka cinna wuta. Ba a daɗe ba aka ƙone shi a wannan dandalin. Ka bi a hankali, bawana."

"Ai su ba Musulmi ba ne," na ce.

"Amma rawar kan irin taka ce sak."

Juma'ar da ta biyo baya, bayan la'asar, na shigo da mutum uku. Na ce, "Badamagare, miƙo gurmin nan."

Dariya ya yi, ya miƙo mini da hannu biyu. "Karɓi, Bakano, ko ka koyi wani abu banda ciniki."

Ya ɗauka wasanmu ne. Na san haka zai ɗauka, da wannan kuma na yi amfani. Na ajiye gurmin a ƙasa na taka. Ƙoƙon ya dare gida uku. Bai zage ni ba. Ya durƙusa ya tsince ɓaraguzan cikin rigar matashi. Tun daga ranar Malam yake ce mini, kamar baƙo.

Sati biyu ina juya abin a raina. A zama na gaba na miƙe gaban kowa na ce na zalunci ɗan'uwana, ina neman gafarar Allah da tasa. Shugaban zamanmu, wanda kuma hayar ɗakin da sunansa take, ya ja ni gefe.

"Habibi, shaiɗan ka ba haƙuri ke nan. Ka janye maganarka, khalas, shi ke nan. In ba haka ba ka nemi wani gadon."

Na ce, "Malam, hukuncin kiɗa na bar wa masu ilimi. Abin da na sani, mutum ya amince da ni ya miƙo mini kayan ubansa yana dariya. Wannan ba gyara ba ne, cin amana ne, kuma ba zan janye ba."

Samun gado a Dubai ba wasa ba ne. Na yi kwana huɗu jakata na shagon wani, kafin na samu wani lungu a Bur Dubai da ya fi tsada, ya fi zafi. Yanzu kullum da safe sai na hau abra, ƙaramin jirgin ruwa, na haye zuwa aiki. Badamagaren bai ce ya yafe ba, ban kuma matsa masa ba, haƙƙinsa ne.

Makon jiya 'yan zaman suka aiko cewa gadona yana nan, kalma ɗaya kawai zan faɗa a gaban jama'a, in ce na janye. Na ce wa ɗan aiken su sa wani a kai.