Wurin hutawarsu a kan dutse

Muna tsakiyar hawan dutse, gwiwata tana ciwo, sai jagoran ya ce, "Baba, bi jan fenti, kada ka ɓata a dajin nan."

Na ce, "Oga, nan aka haife ni, kafin ginin Abuja ya tashe mu."

'Yata ce ta jawo ni zagayen dutse da abokan ofis ɗinta. Ni kuwa kabarin babana na zo nema.

Na same shi. A kan duwatsun da muka jera masa abokan nata suke zaune, suna ɗaukar hoto.

Na ce su tashi. 'Yata ta ce, "Baba, kana ba ni kunya."

Ban motsa ba sai da kowa ya tashi. Ku faɗa mini, ni ne mai abin kunyar?