Ƙwara Saba'in da Bakwai da Nike Bin Malam Halliru Mai Jemagu

Naira dubu talatin da takwas da ɗari biyat nike bin Malam Halliru, malamin gandun daji. Da wanga zance za ni hwarawa, don kada a ji ina yabonai a ce ya biya ni. Bai biya ba. Ni Bilki ta Rara ban san biro ba, Malama Raihana matar ɗana ita ke rubuta abin da nike hwaɗi, amma lissahina bai taɓa ɓata ba. Da ɗiyan kuka nike ƙirga. Kowace ƙwara naira ɗari biyat ta, kowane mai bashi da ƙullin tsummanai cikin ƙwarya. Ƙullin Halliru, ƙwara saba'in da bakwai.

Watan ga shike aje aiki bayan shekara talatin da biyat, kuma ban ji ana shirin buga mishi ko gwangwani ba. Shi ya sa nic ce bari in yi magana.

Duk wanda ke tashi da wuri ya san ƙarar tsohon babur ɗinai. Da an sallame asuba shina bisa hanya, gorar ruwa a baya, igiyar awo a aljihu. Yau Gandi, gobe wajen Wurno, jibi har Boyekai, ko da hanya ta ƙi daɗi shekarun nan. Aikinai itace. Shi auna kaurin wanga, shi duba mi ke cin wancan, shi zamna ƙasa da masu gawayi shina lallashi awa mai biɗar aure. Kahin magariba kuma sai shi dawo gindin kukata da ke bayan gida, shi ɗaga kai sama, shina latsa ɗan carbin zamani da ake maƙalawa ga yatsa.

Shekara biyu mutane na tsammanin wuridi shike yi. Har mata na aiko mishi da hura don shi sa su addu'a. Ni ko ba ni barin abu ya wuce ni, rannan nit tare shi.

Nic ce, "Malam Halliru, wane zikiri na wanga da ba a yin shi sai an kalli kukata?"

Yac ce, "Inna, jemagu nike ƙirgawa."

"Jemagu? Wa ke bin su bashi?"

Yay yi dariya yac ce ba kowa. Wai in sun ragu shina son shi sani. Nic ce to in ka sani sai mi? Yac ce sai shi rubuta. Nic ce wa ke karantawa? Yac ce, "Har yanzu dai ba kowa." Tun ran nan nis sa mishi ido, don mutumin da ke ƙirga abin da ba nashi ba, ko dai ɓarawo na, ko ko wani iri na da ban taɓa gani ba.

Bara da bazara sai ga takarda daga ohis ɗinsu na Sakkwato. Yadda yab bayyana mani, can wasu ƙasashe masu sanyi akwai wata hunhuna da ke kama jemagu ga hanci, hwara sol, tana kashe su tuli-tuli cikin kogunan dutse, har hukumominsu na ware kuɗɗi don yaƙi da ita. To an ba ma'aikatanmu 'yan kuɗɗi su duba ko ta iso nan. Kashin hwarko kaɗan na, na raga da safar hannu da man babur. In an samu cutar, sannan kashi na biyu shi hito, mai kauri.

Na tambaye shi ya hi sau uku. Hukuma? Kuɗɗi? Don jemage, wanda shi ba tsuntsu ba shi ba ɓera ba? Nic ce yaya ake ba shi maganin, a cokali ko allura? In ya warke wa zai gode? Ban samu amsar da ta cika mani ciki ba, amma na so in ga ƙarshen abin.

Sai Halliru yab ba mai shela saƙo ran kasuwar Gandi, don mutane su sani kada su ga raga bisa itace su tsorata. Mai shela yaj ji "hunhunar jemagu", yag ga wagga ai ba magana ta ba, lalle kuskuren mai rubutu na. Sai yay yar da jemagun, yak kama kasuwa da cewa gwamnati ta kawo kuɗɗin maganin hunhuna, mai bukata shi ga Malam Halliru.

Jama'a, lokacin nan ruwan hwarko ya sauka, albasa na cikin rudu, wato rumbun karan da ake aje ta a jira tsada, kuma hunhuna ta hwara cin ta. A ƙasarmu in ka ce hunhuna da wanga lokaci, abu guda ka hwaɗi. Kwana biyu ba a yi ba sai ga mutane daga Wurno, daga Goronyo, daga ƙauyukan da ban san sunansu ba, kowa da buhun ruɓaɓɓiyar albasa don shaida. Wari ya hana kajina kiwo. Ɗan ƙanwata Uwaisu, wanda rabin rudunai ya zube, shi ke gaba.

Halliru yat tsaya yay yi musu bayani. 

Uwaisu yac ce, "Malam, sake hwaɗi. Kunnena na hagu ba shi da kyau."

"Na jemagu na, Uwaisu."

"To ni ma rubuta ni. Ka ba ni igiya in rataya kaina ƙasa."

Wani daga baya yac ce, "Ko jemagen ya yi katin zaɓe?"

Anka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Mutum ya biya kuɗɗin mota, ya baro aikinai, ga hasara na jiran shi gida. Wasu sunka ce ya cinye kuɗɗin ya laƙa ma jemage. Wasu sunka ce ashe jemagun ke kawo ma albasa hunhuna, in ko haka na, a sa ma kukar hayaƙi, in sun ƙi tashi a sare ta. Kukar da kakar mijina ta tarar. Uwaisu da bakinai yac ce, "In takarda ta nuna suna da cutar, Inna, sai dai ki yi haƙuri."

Kai na, Halliru, kat tsaya cikin rana ana zaginka ba ka rama ba. Ka tahi da babur ɗinka kaɗ ɗauko malamin gona daga Wurno da man aljihunka, kunka bi rudu-rudu kuna nuna ma mutane su ɗaga ƙasan, su tsince ruɓaɓɓu, su buɗe ma iska hanya. Ba aikinka ba na. Ba a ce ka yi ba.

A makon nan bashina yas samo asali. Ma'aikata biyu sunka zo daga Sakkwato don aikin, kuɗɗin abincinsu bai hito ba, Halliru yac ce in riƙa ba su, shi ya ɗauka. Kwana goma sha ɗaya, tuwo da hura, zabi biyu, hayar tsanina, da dubu shida da nir ranta mishi na mai. Kullum ina ƙara ƙwara cikin ƙulli.

Sunka kafa raga da la'asar, ana kiran magariba jemagu sunka hwara hwaɗawa. Ya hana kowa taɓa su da hannu tsirara, shi kaɗai da safarai. Ni ina tsaye, don ban taɓa ganin huskar jemage kusa ba. Ashe awa ɗan kwikwiyo take, da manyan idanu. Kuma ga shi nan ƙuru-ƙuru: cikin goma sha huɗu, goma sha ɗaya da wani hwarin gari ga hanci.

Baƙin nan sunka kalli juna. Ɗayan har ya hwara latsa waya. Sunka goge hancin da auduga sunka rufe cikin kwalba za a kai Sakkwato, amma rahoton hwarko Halliru ke rubuta shi, shi ke da wurin.

Da sahe ina shara sai nig gane shi bisa tsanina, tsoho da hurhura, shina miƙa hannu cikin rassa. Yas sauko da huren kuka, hwarin nan mai reto da tuntu a ƙasa. Yad dube shi, yas shinshina, sai yat tura hancinai ciki. Da yaɗ ɗago, wallahi hancinai da gashin bakinai sun yi hwari awa na jemagun jiya.

Nic ce, "Lahiya? Ko ta kama ka?"

Yac ce, "Inna, ba hunhuna ba ta. Garin hure na. Abinci sunka ci ba su wanke baki ba."

Yanzu ga wurin da nike jin kunya, amma Raihana rubuta, kada ki rage. Na yi lissahi nan take. In ya rubuta cuta, kashi na biyu ya hito, in samu kuɗɗina. Kukar ko, nic ce cikin raina, Uwaisu ɗana na, na iya da shi. Sai nir rage murya.

Nic ce, "Halliru, hwari dai hwari na. Ka rubuta abin da idonka yag gani jiya. Wa zai tahi shi tambayi jemage?"

Bai yi hushi ba. Yas share hancinai da hannun riga, yac ce, "Inna, don ba shi iya kai ƙara, shi ya sa ba ni yi mishi ƙazahi. Kuɗɗinki kuwa suna wuyana."

Na rayu shekara tamanin ba kaɗan, malamai sun yi mani wa'azi iri-iri, ba wanda yak kama ni awa wanga, daga bakin mutum mai garin hure ga gashin baki.

Yar rubuta abin da yag gano. Bayan sati shida sakamako yad dawo daga Sakkwato, garin hure na. Ba cuta, ba kashi na biyu. Baƙin nan ba su sake waiwayo mu ba. Halliru yak kai takardar har majalisar su Uwaisu, da huren kuka a hannu, yac ce kowa shi sa hancinai. Uwaisu yas sa, anka yi ta yi mishi dariya ana ce mishi babban jemage, sunan bai bar shi ba har yau. Maganar sare kuka ta mutu nan.

Ni dai tambayata ba ta ƙare ba. Nic ce mi ke kai jemage cikin hure? Yac ce zaƙi shike sha, kuma garin da ke manne mishi shi shike kaiwa wani huren, da haka kuka ke ɗaure ɗiya. Huren na buɗewa da magariba, kahin rana ta yi zahi ya yanƙwane, jemage ke zuwa kan lokaci.

Nic ce, "Tsaya. In ba jemage, ba ɗiyan kuka?"

"Sai ɗai-ɗai."

"Garin da nike saidawa shekara hamsin? Daddawar?"

"Duka."

Niɗ ɗauko ƙwaryata nib buɗe. "Waɗanga da nike ƙirga bashi da su hwa?"

Yac ce, "Su ma aikinsu na, Inna."

Ban iya cin abinci ba ran nan. Ni da ba a bina ko sisi a Rara, ashe shekara hamsin ina ƙirga bashin mutane da kayan wanda ban taɓa biya ba. Har jihwa na sha sa a yi musu don suna ɓata mani shanya.

Halliru ɗan gandu, mai ƙirga dukiyar da ba tashi ba, na gode maka. Ka tsare mani kuka, ka tsare ma jemage mutunci, ka tsare ni daga cin abin da zai tsaya mani ga wuya ran gobe. Masu riƙe da biro a ohis-ohis, da ku malaman gona da na asibiti, ku dube shi. Duk wanda ke ƙarƙashin biron ku wanda ba shi iya kai ƙara, jemagen ku ke nan. Ku rubuta abin da ke akwai.

Sauran maganar bashi. Ban yahe ba, ba ni yahe bashi, yahewa na lalata mai ci. Kuɗɗin sallamar Halliru kuma Allah kaɗai ya san ran da za su hito. Sai nik kira shi nik kwance ƙullinai gabanai, nic ce ga ƙwara saba'in da bakwai, ka shuka su. Ni jemagu na bina, kai ina binka, to ka biya su a madadina. Duk wadda ta tsiro ta yi ganye huɗu, na cire maka ɗari biyat. Ni ba ni ganin hurensu, kai ma da wuya, amma masu bashin suna da jikoki.

Ya jiƙa su da ruwan zahi yadda yas sani, ya jera cikin ledoji bayan gidanai, ya kewaye da ƙaya saboda awaki. Shekaranjiya nit tahi da sandata nid duba da kaina, don ba a hwaɗa mani lissahi. Tara sun tsiro, kowace da ganye huɗu.

Saura dubu talatin da huɗu, Malam Halliru. An sallame ka daga aikin gwamnati, ni ban sallame ka ba. Ka ci gaba da ban ruwa.