Abin da Katung Ya Ɗura a Gorar Zoɓo

Katung bai zo Amurka don ya zama masanin giya ba. Daga Kagoro ya taso, ya sauka a garin Laurel na jihar Maryland a farkon shekarun 2000, aikin da ya fara samu kuma shi ne lodin katan-katan a rumbun wani dillalin ruwan inabi. A nan harshensa ya yi karatu. In kwalba ta fashe, sauran ma'aikata su kawo tsumma, shi kuwa ya dangwala yatsa ya kai baki. Kafin a jima ya gane cewa wata kwalbar mai kuɗin kaza guda ta fi wadda ake sayarwa da kuɗin rago daɗi, tsadar duk a takardar da aka manna take.

Manyan kantunan abinci na Maryland ba su cika sayar da giya ba, don haka duk Asabar yakan ƙetara kogi zuwa Virginia. Can zai tsuguna a gaban kanta, domin shi a ganinsa mai kyau da araha a ƙasa ake ɓoye ta, inda sai an durƙusa. Ya juya kwalba, ya karanta bayanta, ya yi tsaki, ya mayar, ya ɗauki wata. 'Yan cocinsu ba sa bikin aure sai an tuntuɓe shi. Matarsa Selina takan ce da zai ba Littafi Mai Tsarki rabin wannan nutsuwa, da tuni ya zama fasto.

Ita Selina zoɓo take yi, kuma nata ya yi suna. Daga Beltsville har Clinton, duk matar Bahaushen da za ta yi suna ko walima, ita ake kira. Musulmi ne yawancin masu sayen zoɓonta, sun yarda da hannunta, har cikin ɗaki suke shigar da ita. Katung yana alfahari da wannan fiye da yadda yake faɗa.

Yana kuma da aboki, Injiniya Munzali, wanda suka yi sakandare tare a Kafanchan. Munzali mutumin kirki ne a idon kowa, sahun gaba a masallaci, amma yana da wani sirri da Katung kaɗai ya sani, wato yana son jar giya. Ba ya iya shiga kanti ya saya, kada ya yi kiciɓis da wani. Sai Katung, da wautar ƙauna, ya samo masa dabara. Yakan zaɓo mai kyau, ya juye ta a gorar robar da Selina ke ɗura zoɓo, ya miƙa masa a bakin mota. Launinsu ɗaya, wa zai gane? Selina ba ta sani ba. Shekaru suka yi a haka, Munzali yana ajiye gorunan a garejinsa yana cewa, "Mutumina, ba ni da kamarka a ƙasar nan."

Ranar da abin ya fashe, Hajiya Rahmatu, matar Munzali, ta yi baƙi mata, lemon gidan ya ƙare. Ta shiga gareji neman wani abu, ta ga gorar zoɓo, ta yi murna ta kawo ta zuba. Tsohuwar da ta fara kurɓa ta tofar, ta kama salati. Gida ya kaure. Aka kira maigida a gaban kowa aka nuna masa kofin.

Munzali ya shinshina, ya dafe ƙirji, ya ce, "Innalillahi! Ashe abin da mutanen nan suke ɗura mana ke nan? Katung ne ya kawo min, ya ce zoɓon matarsa ne."

Kafin rana ta faɗi labarin ya gama gari ta waya. Masu sunan da suka yi odar zoɓo suka fasa. Wata ta ce dama ita ta daɗe tana jin jiri in ta sha. Wata ta ce da gangan suke yi, don su ɓata wa Musulmi salla. Selina ta zauna a kicin tana kuka, ba don cinikin ba, don matan da ta ɗauka 'yan'uwa ne suka daina amsa gaisuwarta.

"Baban Constance," ta ce wa mijinta, "ka je ka faɗa musu gaskiya. Sunana ne, ba naka kaɗai ba."

Katung ya ce ta yi haƙuri. Ya san Munzali tun suna raba garin kwaki, tsoro ne ya kama shi, zai dawo hayyacinsa ya gyara maganar da bakinsa. Ya kira shi, waya ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya sake kira, haka. Watanni suka shuɗe, Selina ta tattara tukwanenta ta koma aikin kula da tsofaffi, Katung kuwa yana nan yana kare abokinsa, yana cewa mutum mai iyali ba ya tona kansa a rana ɗaya. A ransa dai ciwon yana cinsa, kuma ya sani.

Wata Asabar yana tsugune a kantin nan na Virginia, sai ya ga takalmin da ya sani a gefensa. Ya ɗaga kai, Munzali ne, da hular sanyi har gira, riƙe da kwando. Katung ya yi farin ciki. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya riga ya yafe tun kafin a roƙe shi.

Munzali ya waiga dama, ya waiga hagu, ya rage murya. "Mutumina, Allah ne ya kawo ka. Duk wadda na saya da kaina tsami take yi. Wacce zan ɗauka?"

Katung ya tsaya yana jiran sauran maganar. Babu saura. Munzali bai tambayi lafiyar Selina ba, bai ma ambaci abin da ya faru ba. Hannun Katung, da ya saba, ya sauka da kansa ya zaro kwalba ya sa masa a kwando.

Munzali ya yi murmushi ya ce, "Na gode. Amma don Allah ka ɗan dakata a nan, sai na fita tukuna. Ka san yadda sunanka yake yanzu, kada a gan ni da kai."